Tsakanin tiransifot ɗin CD da DAC: koksiyal, oftikal, AES ko I2S, wanne za ka jona?

Duk wanda ya raba na'urar CD ɗinsa gida biyu, wato tiransifot daban wanda aikinsa kawai ya juya faifai ya karanto lambobi, DAC daban wadda ita kuma ke mayar da lambobin su zama sauti, toh tambayar farko da zai ci karo da ita ita ce da wace waya zai haɗa su. Ka leƙa bayansu ka ga ramuka kala-kala, nan an rubuta COAXIAL can an rubuta OPTICAL, wani AES/EBU, wani ma ramin HDMI ne sak amma an rubuta I2S a ƙarƙashinsa, in ka shiga wajen masu sayarwa kuma ka ga waya mita ɗaya kacal an sa mata kuɗin da ya fi na DAC ɗin kanta, sai kan mutum ya ɗaure. Abin bai kai haka wuya ba fa, amma sai an bi shi daki-daki.

Kafin komai ka san me ke bi ta cikin wayar nan. Faifan CD tun da Sony da Philips suka fito da shi a 1982 tsarinsa bai canza ba, bit 16 ne, ana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, hagu da dama, in ka lissafa kilobit 1,411 ne a daƙiƙa. Wannan kaya ne mara nauyi, duk hanyoyin nan huɗu suna ɗaukarsa ba tare da sun ji a jikinsu ba, kuma in wayar lafiyarta ƙalau lambobin da suka fita daga tiransifot su ne za su isa DAC ba ragi ba ƙari. Saboda haka duk wanda ya ce maka wata waya tana ƙara "bas" ko tana sa muryar mawaƙi ta yi zaƙi, ka saurare shi da kunne ɗaya. Inda bambancin gaske yake wuri uku ne: daidaiton lokacin da lambobin ke isa, dattin wuta da waya kan jawo daga wannan na'ura zuwa waccan, da kuma ko na'urorin biyu ma za su fahimci juna tun farko.

Matakin farko ba ya buƙatar ko sisi. Ɗauki takarda ka rubuta ramukan fita na tiransifot a gefe ɗaya, ramukan shiga na DAC a ɗaya gefen, ka ja layi tsakanin waɗanda suka zo ɗaya. Sau da yawa nan maganar take ƙarewa, don tiransifot irin su Cambridge CXC da Audiolab 6000CDT koksiyal da oftikal kawai gare su, ko DAC ɗinka tana da rami goma zaɓinka biyu ne. Sai ka hau sama wajen irin su Jay's Audio CDT2 ko Pro-Ject CD Box RS2 T kafin ka fara ganin AES da I2S. Kuma ka lura, ramin USB ɗin da ke bayan DAC yawanci na kwamfuta ne ko wayar hannu, galibin tiransifot ba sa fitar da sauti ta USB, 'yan kaɗan ne irin Shanling ET3 ke yi, don haka kar ka lissafa shi sai ka tabbatar a littafin na'urarka.

In layin da ka ja guda ɗaya ne tak, shikenan, tsallaka wajen sayen waya. In sun kai biyu ko uku sai mu duba halin kowanne.

Koksiyal da oftikal yare ɗaya suke yi, S/PDIF, wanda Sony da Philips ɗin dai suka tsara, hanyar da yake bi ce ta bambanta. A koksiyal siginar wuta ce 'yar ƙarama kamar rabin bolt, tana bin waya mai om 75 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga sigina), bakinta RCA ne irin na tsohon bidiyo, yawanci ramin launin lemo ne ko baƙi, wasu na'urorin kuma BNC suke sawa mai murɗawa ya kulle. Oftikal kuwa Toshiba ce ta fito da shi a 1983 da sunan TOSLINK, jan haske ne ke bi ta cikin zaren roba mai kaurin kamar milimita 1, ba ƙarfe ko kaɗan tsakanin na'urorin biyu. AES/EBU yayan S/PDIF ne na situdiyo da gidajen rediyo, an tsayar da ƙa'idarsa a 1985, bakinsa XLR mai ƙafa uku irin na makirfo, waya mai om 110, siginarsa tana tsakanin bolt 2 zuwa 7 kuma layi biyu ne masu kishiyar juna shi ya sa ba ya jin hayaniyar wuta sosai kuma yana iya tafiya har mita 100.

Su ukun nan akwai abu ɗaya da ya haɗa su, agogo da lambobi a cakuɗe suke tafiya a layi ɗaya. DAC tana buƙatar sanin daidai lokacin da za ta saki kowane samfuri, sau 44,100 a daƙiƙa ba gaba ba baya, amma agogon da ke ba da wannan lokaci yana cikin tiransifot ne, don haka dole DAC ta tsamo shi daga cikin siginar da ke shigowa, tana kallon hawa da saukar siginar tana daidaita nata bugun da shi. In gefen siginar ya ɗan dushe, ko don wayar ba ta dace ba ko don fitilar oftikal ba ta kunnuwa da mutuwa da sauri, sai lokacin ya riƙa 'yar rawa, wannan rawar agogo ita ce jitter ɗin da kake ji ana ta faɗa a kai. A shekarun 1990 matsala ce ta gaske, DAC da yawa na lokacin duk rawar da ta shigo haka suke wucewa da ita har cikin sauti, kuma a nan oftikal ya yi baƙin suna don in aka auna shi yakan fi koksiyal rawa. Sunan ya bi shi har yau, alhali DAC ɗin yanzu sun canza sosai.

Toh mataki na biyu kenan, ka binciki yadda DAC ɗinka ke yi da agogon da ya shigo mata. In ta shekarun nan ce, mai guntun lantarki, wato chip, na ESS Sabre a ciki ko mai karɓar sigina irin AK4118 ko WM8805, ko littafinta ya ce tana tara lambobin a ma'aji sannan ta sake su da agogonta na kanta, toh kamar tankin ruwa ne a saman gida, famfo ya zo da ƙarfi ko ya zo yana tsiyaya kai dai ruwan da ke sauko maka daidai yake zuwa. Irin wannan DAC ɗin bambancin koksiyal da oftikal a wajenta ya yi ƙanƙantar da kunne ba zai kama ba, sai ka zaɓa bisa wasu dalilan. In kuwa tsohuwar DAC ce ta zamanin da, ko irin waɗanda da gangan aka ƙera su a sauƙaƙe ba wani gyaran agogo a ciki, fara da koksiyal, in akwai BNC ko AES a ɓangarorin biyu ma ya fi.

Mataki na uku, kuma a ganina shi ya fi shafar mu, ka dubi wutar gidanka. Gidaje da yawa soket ɗin rami uku ne amma na ukun ba a haɗa shi da komai ba, ba wayar ƙasa, ga janareto ga inbata ga sitabilaiza mai ƙas-ƙas duk lokacin da wuta ta yi sama ko ƙasa. Wayar koksiyal ƙarfe ce, rigar da ke jikinta tana haɗa gangar jikin tiransifot da ta DAC, in akwai bambancin wuta tsakaninsu ta nan zai bi. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: ƙugi "huuum" a sifika ko da faifai ba ya juyawa, ko sauti ya ɗauke na rabin daƙiƙa duk sanda firji ya tashi ko wani ya kunna fanka, ka ga fitilar LOCK a gaban DAC ta ƙifta ta dawo, wani lokacin ma in ka shafa bayan hannunka a jikin na'urar ka ji tana ɗan tsikarinka. Wasu na'urorin masu kyau suna da ɗan ƙaramin tiransifoma a bayan ramin koksiyal da ke raba su, AES ma yawanci haka yake, amma masu araha ba kowacce ba. In ka ga ɗaya daga cikin alamun nan kar ka wahalar da kanka, koma oftikal, haske ba ya ɗaukar wuta, matsalar da ke bi ta wannan wayar ta yanke kenan. Wallahi na fi son oftikal mai shiru a kan koksiyal mai ƙugi sau dubu, ko me masu awo za su ce. Amma fa tsikarin nan oftikal bai gyara shi ba, ɓoye shi kawai ya yi daga kunnenka, kira mai gyaran wuta ya duba maka wayar ƙasa. Kuma ko wanne ka zaɓa, tiransifot da DAC da amfilifaya su sha wuta daga soket ɗaya.

Haka in akwai talabijin ko dikoda a cikin haɗin, musamman mai wayar dish da ta fito daga saman rufi, su a ba su oftikal, a bar wa tiransifot koksiyal in DAC ɗin rami ɗai-ɗai gare ta.

Maganar nisa ba ta cin lokaci. In na'urorin suna kan kanta ɗaya kowacce hanya ta yi. Oftikal na roba daga mita 5 ya fara zama sa'a, zuwa mita 10 hasken ya yi rauni, koksiyal mai kyau yana kai mita 10 lafiya, abin da ya wuce haka aikin AES ne.

Yanzu I2S, wanda shi ne ake ta yayi. Philips ce ta tsara shi a 1986, kuma ba don haɗa na'ura da na'ura ba, don haɗa guntu da guntu ne a cikin akwati ɗaya, tazarar 'yan santimita. Kyansa shi ne ba a cakuɗa komai, lambobi layinsu daban, agogon bit layinsa daban, mai nuna hagu da dama daban, wani lokacin da babban agogo na huɗu, don haka DAC ba ta buƙatar tsamo komai. Daga baya kamfanoni irin PS Audio suka fara fito da shi waje ta bakin HDMI, wasu kuma ta RJ45 irin na wayar intanet. Matsalar ita ce ba wata ƙa'ida da kowa ya yarda da ita kan wace ƙafa ce ke ɗaukar me, kowane kamfani da nasa jerin, sai ka ga waya ta shiga daram amma abin da ke fitowa shiru ne, ko "shhhh" mai ƙarfi da zai iya ƙona maka ƙaramar sifika, ko waƙa ta fito amma hagu ya koma dama. Kuma wannan ramin ba HDMI ba ne na gaske, bakin kawai aka ara, kar ka kuskura ka jona shi da talabijin ko na'urar Blu-ray.

In kana son gwada shi ga yadda za ka bi. Nemo zanen ƙafafun I2S a littafin tiransifot da na DAC ka ajiye su gefe da gefe ka bi ƙafa bayan ƙafa, har alamar + da − ta kowane layi. In ba su zo ɗaya ba duba ko ɗayansu na bari a canza jeri, DAC ɗin Denafrips misali suna da wannan a saitinsu, wasu tiransifot kuma 'yan makunnai ne ƙanana a baya. Duba kuma ko DAC ɗin tana buƙatar babban agogo daga waje da kuma nawa take so, don wani tiransifot megahaz 11.2896 yake bayarwa wani 16.9344, in ba su dace ba ba za ta kama ba. Sa gajeriyar wayar HDMI ta gama-gari, rabin mita zuwa mita ɗaya, ba mai fayiba ko mai ƙara ƙarfi a ciki ba. Kashe duka biyun kafin ka jona, ka rage murya har ƙasa kafin ka danna faifai, sannan ka gwada da faifan da ka san wane kayan kiɗa ke hagu wane ke dama. Ni dai ra'ayina, in ba kamfani ɗaya ya yi su ba ko kamfanin ya faɗa da bakinsa cewa sun dace, wahalar ta fi ribar yawa. Kuma a tuna a I2S sau da yawa agogon tiransifot ne ke jan ragama kai tsaye, in nasa bai kai na DAC kyau ba toh ka sayi waya ka koma baya kenan.

Akwai wani ɗan abu da ba a cika faɗa ba. Wasu faya-fayan farkon shekarun 1980, musamman bugun Japan da na kiɗan gargajiyar Turai, an ɗaga musu siririn sauti da gangan lokacin bugawa, da alama a ciki da ke gaya wa na'ura ta sauke shi. S/PDIF da AES suna iya kai wannan alamar ga DAC, I2S tsurarsa ba shi da wurin ɗaukarta, kuma ko ta S/PDIF ɗin ma ba kowace DAC ta yanzu ke kula ta ba. In kana da irin waɗannan tsofaffin kuma ka ji sun yi tsini suna sukar kunne, nan za ka fara dubawa kafin ka zargi waya.

Sai sayen waya. Ta koksiyal abu ɗaya ake nema, om 75, a rubuce a jikinta ko a kwalinta. Wayar nan mai bakin ruwan ɗorawa ta tsohon bidiyo om 75 ce, in kana da mai kauri a durowa ɗauko ta ka fara da ita, haka RG6 ta dish da RG59 ta kyamarar tsaro duk 75 ne in aka sa musu baki mai kyau. Ja da farar nan ta sauti za ta yi ƙara in gajeriya ce amma ba don wannan aka yi ta ba, ita ce kan jawo ɗaukewar nan in wuta ta motsa. Bakin RCA shi kansa bai cika om 75 ba, BNC ne ya cika, shi ya sa in duka na'urorin suna da BNC shi za ka bi, sai dai ka kula BNC kala biyu ne, akwai na om 50 na kayan rediyo, ka ce a ba ka na 75. In ɗaya BNC ne ɗaya RCA, waya mai baki biyu daban ta fi a yi ta jera adafta. Za ka ji ana cewa dole koksiyal ya kai mita 1.5 saboda siginar da ke dawowa baya, magana ce da masana ke ja-in-ja a kai, mita ɗaya da rabin ba ta cutar da komai in ka ga dama ka saya amma kar ka jefar da mai mita ɗaya saboda ita.

Ta AES kuma om 110, kamanninta ɗaya da wayar makirfo sak don haka karanta jikinta, ta makirfo takan yi aiki a gajeren zango amma tunda saya za ka yi sayi ta gaskiyar. Kar ka ɗauki AES ka cusa a ramin koksiyal da adaftar XLR zuwa RCA kawai, ƙarfin siginar ya ninka abin da ramin ke jira sau da yawa kuma om ɗin bai dace ba, akwai ɗan tiransifoma na musamman da Neutrik da Canare ke yi don wannan, shi ma sai in DAC ɗin ta yarda da yaren AES, don ya ɗan bambanta da na S/PDIF.

Oftikal mai tsaka-tsakin kuɗi ya isa, bakin zinare a wayar da haske ke bi ado ne kawai. Abin lura, sabuwa tana zuwa da 'yar hular roba a kan tsininta, ƙarama ce kuma garau take har ba a ganinta, mutane da yawa da ita suke turawa su yi ta mamakin me ya hana ta shiga, cire ta tukuna. Bakin yana da gefe ɗaya mai kusurwa, ta fuska ɗaya yake shiga, ka tura a hankali har ka ji ƙas, in ka tilasta shi a karkace 'yar ƙofar ramin ce za ta karye kuma daga nan waya ba ta ƙara zama daram. Jona ɓangaren tiransifot tukuna ka kunna, ka dubi ɗaya bakin, in ka ga jan haske toh sigina na fitowa. Kar a lanƙwasa ta sosai ko a ɗora mata ƙafar kanta, kuma lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina ramin da ba a amfani da shi a mayar masa da murfinsa.

Wajen jonawa, daga OUT na tiransifot zuwa IN na DAC, ka tabbata ramin dijital ne ba na AUX ko CD na amfilifaya ba don bakinsu iri ɗaya ne. Zaɓi ramin a gaban DAC, sa faifai, ya kamata ta nuna 44.1, wato 44,100 ɗin nan na CD. In ta nuna 88.2 ko 176.4 toh tiransifot ɗin yana ninka samfurin kafin ya turo, nemi wajen kashewa ka fara jin asalin tukuna, dama oftikal da yawa ba sa wuce 96. In na'urar DVD ko Blu-ray ce kake amfani da ita a matsayin tiransifot shiga saitin sauti ka sa fitar dijital a PCM, wato lambobi tsura irin na CD, in ka bar shi a Bitstream ranar da ka sa faifan fim Dolby ko DTS za ta turo, tsarin sautin fim mai sifika da yawa, DAC ta sitiriyo ba ta san su ba, ko ta yi shiru ko ta watso maka hayaniya. In tiransifot ɗin yana da rage murya ta dijital bar shi a ƙarshe, ka riƙa ragewa a amfilifaya. Masu SACD, wani nau'in faifai daban da CD, kuma su sani galibin na'urori ba sa fitar da tsarin sautinsa na DSD ta koksiyal ko oftikal saboda kariyar kwafi, in faifan mai hawa biyu ne ka zaɓi hawan CD sannan sauti zai fito.

Na ƙarshe shi ne gwaji da kunne, kuma yana da sauƙi don yawancin tiransifot suna fitarwa ta duk ramukan a lokaci ɗaya. Jona koksiyal da oftikal duka biyun, sa faifan da ka haddace, ka zauna inda ka saba, ka ba wani rimot ya riƙa canzawa ba tare da ya gaya maka wanne ne ba, ya rubuta kai ma ka rubuta, ku yi kamar sau goma. Ƙarfin murya ɗaya zai kasance tunda lambobin ɗaya ne, don haka ba wannan ruɗin. Sai dai muddin koksiyal na jone ƙarfen ya haɗa na'urorin ko da oftikal kake saurare, saboda haka gwajin ƙugi daban ake yinsa: tsayar da faifai, ɗaga murya, kai kunne kusa da sifika, a zare koksiyal a mayar ka ji ko wani abu ya canza, sannan ka maimaita da dare a kan janareto ko inbata don halin wutar ba ɗaya ba ne. In a gwajin farko ka kasa bambancewa kuma a na biyu koksiyal shiru yake, bar shi a koksiyal ka ba talabijin ramin oftikal. In ya yi ƙugi ko ya ɗauke ko sau ɗaya, zare shi gaba ɗaya daga bayan na'urar ka zauna a oftikal.